Ji Ya Kori Gani: Hanyar Haɗa Kayan Sauti na Gida da Kuɗi Kaɗan

Gabatarwa

Duk wanda ya bi titin Zariya da yamma ta wajen Gyaɗi-Gyaɗi, ko ya ratsa kasuwar Tarauni, ko ya leƙa kasuwar wayoyi ta Farm Centre, ba ya buƙatar a gaya masa cewa Kanawan yau suna son kayan sauti. Shagon aski da na masu tura waƙoƙi a waya, ɗakin samari da a-daidaita-sahu, kowanne da akwatinsa mai fitilu kala-kala yana dukan ƙirjin mai wucewa. A jikin kwalin akwatin kuwa an rangaɗa lambobi manya-manya: wat 3,000, wat 5,000, wani ma har 10,000. Saurayi kan yi watanni yana tara kuɗi, wani lokaci har da adashi, don ya mallaki irin wannan akwati. Idan ya kai shi gida ya kunna, tagogi su yi ta rawa, maƙwabta su yi ta tsaki. Amma da za a sa masa labarai ko karatu, a tambaye shi ko muryar da ke fitowa ta yi kama da ta ɗan Adam, sai ya rasa amsa.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, mafi yawan kuɗin da ake zubawa a kayan sauti na gida asara ce, domin ido ne ke yin cinikin, alhali kunne ne zai yi amfani da kayan. Wanda ya san yadda kunne yake aiki, da yadda sauti yake tafiya a cikin ɗaki, zai iya haɗa kayan da za su fitar da murya kamar mai ita yana zaune a gabansa, da kuɗin da bai kai na wancan akwati ba. Kuma zai tsira da jinsa, wanda shi ne babbar riba. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, to amma a wannan ciniki ji ne ya kamata ya kori gani.

Kunne shi ne alƙali

Sauti karkarwa ce da ke bin iska. Idan makaɗi ya doki fatar kalangu, fatar ta tura iskar da ke kusa da ita, ita ma ta tura ta gaba, har turin ya iso kunne, cikin gudun mita 343 a daƙiƙa. Ana auna yawan karkarwar a kowace daƙiƙa da ma'aunin da ake kira haz, don tunawa da masanin kimiyyar nan Bajamushe, Heinrich Hertz. Kunnen matashi lafiyayye yana jin sauti daga haz 20, wato mafi kauri, zuwa haz 20,000, wato mafi siranta.

Sautin yakan shiga kafar kunne, wadda tsawonta bai wuce santimita 2.5 ba, ya kaɗa tantanin nan da aka fi sani da dodon kunne. A bayan tantanin akwai ƙananan ƙasusuwa uku, na ukunsu shi ne ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin mutum, ɗan abin da bai wuce milimita 3 ba. Su ne ke miƙa karkarwar zuwa can ciki, inda akwai wata halitta mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikin katantanwar nan akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 16,000, waɗanda ke mayar da motsin ruwan ya zama saƙon lantarki, jijiyar ji ta ɗauka ta kai wa ƙwaƙwalwa. Georg von Békésy, ɗan asalin ƙasar Hangari, ya nuna cewa kowane irin sauti da wurin da yake sauka: siririn sauti a bakin katantanwa, mai kauri kuwa can ƙuryarta. Wannan bincike ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1961.

Darasi uku ke fitowa daga wannan bayani, kuma dukkansu sun shafi aljihun mai saye. Na farko, kunne bai ɗauki sautuka daidai wa daida ba. Ya fi kaifi tsakanin haz 2,000 da 5,000, kuma a nan ne yawancin abin da ke bambanta baƙaƙen magana yake. Tun a 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka tabbatar a Amurka cewa idan an rage murya, sauti mai kauri ne ke fara ɓacewa daga kunne. Wannan ne ya sa mutane ke ƙure murya don su ji dukan ganga.

Na biyu, sauti mai kauri idan ya yi ƙarfi yakan binne siraran da ke samansa, domin kafin ya kai ƙuryar katantanwa sai ya ratsa ta wurin da siraran ke sauka. Akwatin da aka ƙera don dukan ƙirji kawai yana danne muryar mawaƙi da ta mai karatu, sai mai sauraro ya ƙara murya don ya ji abin da ake faɗi, kaurin ya ƙara yawa, a koma gidan jiya.

Na uku, kunnuwa biyu ne. Sautin da ya taso daga dama yakan riga isa kunnen dama da ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma kai yakan tare wa kunnen hagu wani ɓangare nasa. Da wannan ɗan bambanci ƙwaƙwalwa ke gane inda sauti ya fito. A kan wannan ne injiniya Alan Blumlein na Ingila ya gina fasahar sitiriyo a 1931. Ke nan lasifika biyu ƙanana da aka raba su yadda ya dace sun fi ƙaton akwati guda ɗaya kusa da gaskiya.

Ƙaryar lambobi

Ɗalibin da ya yi darasin fizis a aji huɗu na sakandare yana da makamin da zai kama ƙaryar wat 5,000. An koya masa cewa ba a ƙirƙirar makamashi daga babu, sai dai a sauya shi daga wata siffa zuwa wata. An kuma koya masa cewa wat shi ne bolt sau amfiya. To, ya juya adaftar da ke ba akwatin wuta ya karanta. Idan an rubuta bolt 12 da amfiya 2, abin da ke shiga wat 24 ne, kuma ba yadda za a yi na'urar da ta ci 24 ta yi aman 5,000. Wat 5,000 kusan wutar dutsen guga biyar ce a lokaci guda, kuma ƙaramin janareton nan da ake kunna fitila da fanka da shi bai kai wat 1,000 ba. Lambar da ake rubuta wa PMPO a gefenta ba ta da wani ma'auni da aka yi ittifaƙi a kansa. Kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Lambar da za a duba ita ce mai RMS, wadda ke nuna ƙarfin da na'ura za ta iya bayarwa a kai a kai.

Abu na biyu da ɗalibin zai gano ya fi wannan ban mamaki: ɗaki ba ya buƙatar wat mai yawa. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Lasifikar gida ta yau da kullum takan ba da desibel 85 zuwa 90 daga wat 1 kacal, idan an tsaya mita ɗaya daga gare ta, kuma wannan ya riga ya wuce abin da ya dace a daɗe ana sauraro. Idan aka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ke ƙaruwa. Sai an ninka shi sau goma ne kunne zai ji kamar ƙarar ta ninka sau biyu. Saboda haka bambancin amfilifaya mai wat 20 da mai wat 40 ɗan kaɗan ne a kunne, ko da yake a aljihu ba kaɗan ba ne. Wat 15 zuwa 25 na gaskiya a kowane ɓangare sun ishi ɗakin kwana ko madaidaicin falo, har da rara.

Nan ne zamani ya yi wa mai ƙaramin ƙarfi gata. Akwai ƙananan allunan amfilifaya, waɗanda ba su fi tafin hannu ba, da aka gina a kan guntun TPA3116 na kamfanin Texas Instruments da makamantansa. Suna aiki da bolt 12 zuwa 24, suna mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da suka ci zuwa ga lasifika, ba sa zafi sosai. Tsohuwar cajar kwamfutar tafi-da-gidanka mai bolt 19 ta isa ta riƙe irin wannan allo, ta ba da wajen wat 20 ga lasifika mai om 8. Batirin sola mai bolt 12 ma yana iya riƙe shi, don haka ɗauke wuta ba ya katse sauraro. Tsofaffin amfilifayoyi na hannu, irin waɗanda ake samu a Sabon Gari da wurin masu gyaran rediyo, su ma suna da kyau idan an gwada su an ji ba sa gurnani. Sai dai a kiyaye: duk abin da ke haɗe kai tsaye da wutar gida mai bolt 230 aikin gwani ne. Ɗalibi ya tsaya a kan abin da ke aiki da caja ko batir.

Lasifika da akwatinta

Idan za a raba kuɗin da ke hannu, rabi ko fiye ya tafi ga lasifika da akwatinta, domin a nan ne sauti ya fi lalacewa. Lasifika maganaɗisu ce da nannaɗaɗɗiyar waya da faifan takarda mai siffar mazurari. Wuta ta bi wayar, maganaɗisu ya tura ta ko ya jawo ta, faifan ya motsa iska. Chester Rice da Edward Kellogg ne suka fito da wannan tsari a Amurka a 1925, kuma shekara ɗari bayan nan asalinsa bai sauya ba. Ma'anar wannan ita ce tsohuwar lasifika mai kyau ba ta zama tsohon yayi. Da tsohuwar zuma ake magani. Lasifikokin da aka ciro daga tsofaffin rediyoyin kaset masu nauyi, ko na mota irin waɗanda ake samu a wurin masu kayan gyara a Ƙofar Ruwa, sau da yawa sun fi sababbin na roba inganci.

Wajen saye a duba abu uku. A tabbata gefen faifan bai tsage ko ya ruɓe ba, domin zafin Kano da ƙurar hunturu suna cinye soson da ke kewaye da shi. A danna faifan a hankali da yatsu. Idan aka ji yana gogar wani abu a ciki, wayar ta ƙone ko ta karkace. Sannan a sayi biyu iri ɗaya, kamfani ɗaya, girma ɗaya, domin sitiriyo ba ya yiwuwa da tagwayen da ba su yi kama ba. Mai faɗin inci 5 zuwa 6.5 ta wadatar.

Me ya sa lasifika ke buƙatar akwati? Lokacin da faifan ya tura iska ta gaba, yana jawo ta ne ta baya. Igiyar sauti mai haz 50 tsawonta ya kusa mita 7, saboda haka ba wuya ta kewaya bayan ɗan faifan, turi da ja su haɗu su kashe juna. Shi ya sa lasifikar da aka ajiye tsirara ba ta da kauri ko kaɗan. Aikin akwati shi ne ya tsare sautin baya. Akwati iri biyu ne: rufaffe ruf, da mai bututu. Edgar Villchur ya nuna a 1954 cewa ƙaramin rufaffen akwati yana iya ba da kauri mai tsabta, domin iskar da ke ciki tana riƙe faifan kamar matashi. Mai bututu kuwa yana aiki ne irin yadda kwalba ke kuka idan an busa bakinta. Yana ƙara kauri, amma sai an yi masa lissafi da ma'aunan da Neville Thiele ya wallafa a Ostareliya a 1961, Richard Small ya faɗaɗa su a farkon shekarun 1970. Bututun da aka huda da ka, ba lissafi, shi ke haifar da wannan gurnani mai murya ɗaya da ake ji a tituna. Ga mai farawa, rufaffe ya fi sauƙi kuma ya fi yafe kuskure.

Falankin filawud mai kaurin milimita 18, irin wanda ake samu a 'Yan Katako ta Na'ibawa, ya isa. Sau da yawa ragowar yankan da ke shagon kafinta ma ya wadatar. Ga lasifika mai inci 6.5, akwati mai cin lita 15 mafari ne mai kyau, alal misali mai tsayin santimita 35, faɗi 20, zurfi 22 ta ciki. A haɗa da gam da sukurori, a toshe kowace kafa, a sa katako guda a gicciye a ciki don kada bangon ya yi rawa, a cusa auduga ko cikin tsohon matashi sako-sako. A ƙwanƙwasa shi da yatsa: akwatin kirki yakan amsa a daƙile kamar kututture, maras kyau kuwa ya yi kuka kamar ganga. Makaɗi yana son ganga mai amo, amma akwatin lasifika ba a son ya sa baki a waƙa.

Babbar lasifika ba ta iya fitar da siririn sauti da kyau, don haka akan haɗa ta da ƙarama, wadda masu gyara ke kira tuwita. Kada a haɗa tuwita kai tsaye, domin kauri zai ƙone ta. Kafasita maras kai da gindi mai maikurofarad 4.7, idan aka jera ta kafin tuwita mai om 8, za ta rage duk abin da ke ƙasa da wajen haz 4,200. Waya kuwa, ta jan ƙarfe ta gaskiya mai kaurin 1.5 irin ta aikin wutar gida ta isa. A tsawon mita 3, turjiyarta ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na om ɗaya ba. Duk kuɗin da aka ƙara a kan waya mai ado, ado aka saya.

Saura kuskure guda da ke lalata aikin mutane da yawa: juya waya. Idan aka haɗa lasifika ɗaya daidai, ɗayar a juye, wannan na turi waccan na ja, kauri ya ɓace, murya ta rasa mazauni. A gwada kowacce da batirin tocila mai bolt 1.5. Ƙafar da idan an taɓa ta da kan batirin faifan ya yunƙuro waje, ita ce za a haɗa da jar waya a dukkan ɓangarorin biyu.

Ɗaki ma kayan sauti ne

Abin da ke isa kunnen mai sauraro kashi biyu ne: wanda ya taho kai tsaye daga lasifika, da wanda ya bugi bango da daɓe da silin ya dawo. Gine-ginen Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi na yanzu, masu bangon siminti da tayil da gilashi, suna mayar da sauti kamar yadda madubi ke mayar da haske. A tsaya a tsakiyar irin wannan ɗaki a tafa hannu sau ɗaya. Idan aka ji wata 'yar ƙara tana bin bayan tafin, ɗakin yana amsa kuwwa, kuma ko lasifikar miliyan aka sa a ciki magana za ta cakuɗe. Wallace Sabine na Jami'ar Harvard, wanda ya kafa ilimin sautin ɗaki, ya fara bincikensa ne a 1895 da kwasar matasan kujeru cikin dare daga wani zaure zuwa wani, yana auna yadda suke shanye amo. Maganin da ya gano yana nan a kowane gida: darduma ko kafet tsakanin lasifika da mazauni, labule mai kauri, kujerun kushin, katifa, kantar littattafai. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango amfaninsa kaɗan ne, ga shi kuma abincin gobara.

Akwai kuma matsalar ɗakin nan mai ƙafa 12 tsawo, 12 faɗi, wanda magina suka saba yi. Ƙafa 12 mita 3.66 ce. Igiyar sautin da tsawonta ya ninka wannan sau biyu, wato mita 7.3, takan yi ta kai da komo tsakanin bango da bango tana ƙarfafa kanta. A raba 343 da 7.3, a samu haz 47. Tun da tsawo da faɗi ɗaya ne, abin ya taru a wuri guda. Sakamakon haka, wannan sauti yakan yi yawa a jikin bango da kusurwa, ya kusa ɓacewa a tsakiyar ɗaki. Saboda haka kada a cusa lasifika a lungu, kada mai sauraro ya zauna a tsakiya cif, kada kuma ya jingina da bangon baya.

Tsarin da ya dace ba ya cin ko kwabo. Lasifika biyu da kan mai sauraro su zama kamar duwatsun murhu uku, tazarar kowanne da ɗan'uwansa ɗaya, wajen mita 2. A janye su daga bango kamar rabin mita, a ɗaga su tuwita ta yi daidai da kunnen wanda ke zaune, a ɗan karkato da su su dube shi. Idan an dace, muryar mai magana za ta fito daga tsakiya, inda babu lasifika ko ɗaya. Ƙwaƙwalwa ce ta yi wannan aiki, da taimakon kunnuwa biyu.

Abin da aka zuba shi ake kwasa

Kayan sauti ba sa gyara abin da ya zo a lalace. Faifan CD, wanda ya fito a 1982, yana ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa. Tsarin MP3 yana rage wannan ta hanyar zubar da sautukan da kunne ba zai ji ba saboda wasu sun binne su. A kilobit 192 zuwa sama, da wuya mafi yawan mutane su ji bambanci. Amma waƙar da aka matse zuwa 64, aka sake matsawa, aka yi ta turawa daga waya zuwa waya, ta riga ta zama tsumma. A nemi asali mai kyau, a kashe duk maɓallan ƙarin kauri da ke cikin waya.

Wajen gwaji, Bahaushe yana da ma'aunin da ya fi na'ura: harshensa da kiɗansa. A sa muryar da aka sani, ta mai karanta labarai ko ta alaramma, a rage ƙara daidai ta hira. Shin ana bambance baki da baƙi, kafa da ƙafa, bari da ɓari, ba tare da kasa kunne ba? Shin "s" da "sh" da "ts" suna fita sarai ba tare da sukar kunne ba? Sannan a sa kalangun da ke bayan Mamman Shata, ko kotson Musa Ɗanƙwairo, ko gurmin Haruna Uji. Kalangu yana hawa da sauka yana kwaikwayon karin sautin magana. Akwatin da ya mayar da shi dum-dum mai murya ɗaya ya faɗi jarrabawa. Kuntigin Ɗan Maraya Jos kuwa, ɗan abin da akan yi da gwangwanin kifi da fata da tsirkiya guda, ya kamata a ji bugunsa tsaf-tsaf. Shi kansa kuntigin shaida ne cewa daɗin sauti bai rataya a kan tsada ba.

Hujjar masu son dukan ƙirji

Wani zai ce kowa da kiwon da ya karɓe shi; matashi yana son kiɗan da zai ji a jikinsa, kuma kiɗan zamani da kauri aka gina shi. Wannan gaskiya ne, kuma kayan sauti na ƙwarai suna fitar da kaurin da mawaƙi ya zuba, daidai yadda ya zuba shi. Abin da ake ƙi shi ne akwatin da ke ƙara nasa a kan kowace waƙa, kamar mai girkin da ke zuba barkono ɗaya a miya da kunu da fura. Wani kuma zai ce haɗawa da hannu ɓata lokaci ne, tunda ga na kanti a shirye. Shi ma yana da hujja, domin akwai na kanti masu kyau. Sai dai ya tafi kasuwa da muryar da ya sani a wayarsa, ya ce a rage ƙara, ya juya adafta ya karanta, ya bar kunnensa ya yanke hukunci.

Abin da ba ya dawowa

Kuɗin da aka yi asara ana iya sake nema. Ƙwayoyin nan masu gashi da ke cikin katantanwa kuwa, idan ƙara ta kashe su, ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam. A ƙarshen shekarun 1980 masu bincike sun gano cewa tsuntsaye suna sabunta nasu. Kaza tana da wannan baiwa, mai kazar ba shi da ita. Ma'aunin da ake amfani da shi a wuraren aiki ya nuna cewa desibel 85 iyakarsa awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 100 kuwa minti 15 kacal. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuwa 75. A 2015 hukumar ta yi gargaɗin cewa matasa biliyan 1.1 a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro.

Mugun abin shi ne ɓarnar ba ta zuwa da ciwo. Takan fara ne a wajen haz 4,000, kusa da inda baƙaƙen magana suke. Ɗalibi zai riƙa jin muryar malami amma kalmomi suna kuɓuce masa, musamman a aji mai hayaniya, a ɗauka rashin kula ne ko daƙiƙanci. Alamomin gargaɗi biyu ne: idan sai an ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kamu biyu ya ji magana, ƙarar ta yi yawa, idan kuma bayan biki kunne ya yi ɗim ko ya riƙa kuka, an riga an taɓa shi. Wanda wannan ya daɗe masa ya je sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga shi nan a bakin titin Zariya, a auna jinsa. Akwai kuma haƙƙin maƙwabci, da jariri, da maras lafiya, da mai bitar karatu, waɗanda ba a shawarce su ba aka kunna musu. Tun 2009 Nijeriya ke da ƙa'idojin hana yawan ƙara a ƙarƙashin hukumar NESREA, amma tun kafin doka tarbiyya ta riga ta hana.

Kammalawa

Kira na musamman ga malaman kimiyya na makarantun sakandare da ke Tarauni da kewaye: wannan aiki ne da ya dace da ƙungiyar kimiyya ta makaranta. A cikin akwati biyu da allo ɗaya akwai darasin kunne na bayoloji, da na igiyar sauti da maganaɗisu da lantarki na fizis, da lissafin girman akwati, da aikin kafinta. Ana iya kammala shi a zango guda, a nuna shi ranar 3 ga Maris, wadda ita ce Ranar Ji ta Duniya, a kuma bar wa makaranta abin koyar da harshe da ƙira'a. Ɗalibin da ya taɓa juya adafta ya kama ƙaryar wat 5,000 da lissafin kansa, zai yi wuya a sake sayar masa da lamba, a kasuwar lasifika ko a wata kasuwar. Idan kuma ya koyi rage murya tun yana ɗan shekara 16, to yana da kyakkyawan zaton zai ji kiran jikokinsa yana ɗan 70.